Anti Mai Gemu da Sakatar Ƙofa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce ta ƙane zuwa ga yayarsa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, jiki da zuciya. Allah ya buɗe miki karatun nan da ya raba ki da gida, ya sa ki gama da hannun dama, ya dawo mana da ke muna raye. Mu nan alhamdulillahi. Gwiwar Umma tana samun sauƙi tun bayan aikin da aka yi mata, yanzu tana dogara sanda daga ɗaki zuwa falo, amma likita ya hana ta ɗaukar ko butar ruwa, balle yarinya. Baban Tsigi yana kan hanya da babbar motarsa kamar kullum, yakan kira in ya samu inda waya ke shiga. Ita kuwa Tsigi lafiyarta ƙalau, ta ƙara wayo, ta ƙara baki, kuma saboda ita na zauna rubuta miki wannan.

Na san za ki ce me ya hana ni faɗa a waya. Abu biyu ne. In na fara magana raina yana ɓaci, sai ki ce in sassauta murya, sai mu koma faɗa a kan muryata mu bar abin da ya haɗa mu. Sannan kunnen Umma ba a yi masa aiki ba, yana jin komai ta bango. Kuma gara ki ji labarin nan daga gare ni kafin telan da ke ƙasan benenmu ko Goggon Tsigi su kai miki shi da gishirinsu.

Kin dai san Iya mai raino ta tafi. Ɗanta ya zo ya ɗauke ta saboda matarsa ta haifi tagwaye, ba wanda zai ce kada ta je. Tsigi ba ta yi kuka ba, abin da ya fara ɗaure mini kai ke nan. Matar da ta goya ta tun kafin ki tafi, amma ko sunanta ba ta sake ambata ba. Umma ba za ta iya bin ta ba, don haka na riƙa tafiya da ita wurin aiki. Ke kin san wurin buga takardu ba wurin yara ba ne. Ga injin yanka, ga tawada, ga wayoyin wuta a ƙasa. Ranar da na juya na gan ta tana leƙa ƙarƙashin wuƙar injin, ubangidana ya ce in zaɓa, ko aikin ko rainon. Ban ga laifinsa ba, ko da yake na faɗa masa magana kafin in gane haka.

Ana cikin wannan sai ga Goggon Tsigi, ƙanwar mijinki. Ta zauna a kujerar Umma, ta dubi ɗakin sama da ƙasa, ta ce wai ba a barin 'ya mace a hannun tuzuru da mai sanda. Ta ce ta yi magana da ɗan'uwanta, in ba a samu mai raino da yarinyar za ta zauna da ita ba, za ta ɗauke ta ta haɗa da nata 'ya'yan har ki dawo. Yaya, gidan nan nata yana can ƙarshen gari, sai an shiga mota biyu. Umma ba za ta iya zuwa ba, ni kuma sai ranar hutu. Na ce wa Goggon yaran da ke gidanta ma ban ga wanda ta gama rainonsa ba. Umma ta sa na bi ta har ƙasan bene na ba ta haƙuri. Na bayar, amma ba da zuciya ɗaya ba.

Matar tela ce ta samo mana wata 'yar'uwarta, mace mai shekaru kamar naki ko ta ɗan fi ki, 'ya'yanta duk suna makaranta. Ba ta da surutu, ga kunya, in tana magana ƙasa take kallo. Umma ta yaba da ita, aka yi da ita za ta fara bayan hutun ƙarshen mako. Ni kuwa sai na ce wannan karon ba za a yi abu da ka ba. Kin san halina, duk takardar da ta biyo ta hannuna a wurin aiki sai na karanta ta, da haka na koyi abin da makaranta ba ta tsaya ta koya mini ba. To akwai wani ɗan littafi da muka buga a kan tarbiyyar yara, ina naɗe shafukansa ina karantawa. A ciki an ce kada a yi wa yaro ba-zata da sabuwar mai raino. A faɗa masa tun da wuri, a kuma yi masa wasa da 'yan tsana: wannan ta fita, wannan ta zauna da yaro, sannan ta farkon ta dawo, don ya gane cewa wanda ya fita yana dawowa. Na ga maganar ta yi ma'ana. Abin da ban yarda da shi ba shi ne 'yan tsanan, don duk 'yar tsanar da ta shigo gidan nan Tsigi ta cire mata kai. Na ce bari in yi da mutane na gaske. Mutanen gasken kuwa ni kaɗai ne.

Ga yadda na tsara. Da yamma in na dawo, sai in rataya jakata, in yi wa Tsigi sallama, in ce na tafi aiki, Anti za ta zo. Sai in fita in ja ƙofa, in laɓe bayan tankin ruwan da ke kan matakala, in ajiye jakar, in yafa tsohon mayafin Umma mai ruwan ƙasa. Sai in ƙwanƙwasa, in siranta murya, in ce Anti ce ta zo. Ranar farko Tsigi ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Na ba ta shayi da burodi da muryar Anti, na wanke mata hannu, na yi mata waƙa, sannan Anti ta yi sallama ta fita, Kawu ya dawo da jakarsa. Ta yi tsalle ta rungume ƙafata. Ita ce ta raɗa wa baƙuwar suna Anti Mai Gemu. Umma tana kwance tana kallonmu, ta yi dariya har ta ce gwiwarta na zafi, ba ta ce komai ba sai dai kada in yamutsa mata mayafi. Kullum da yamma muka riƙa yi, har Tsigi ce ke miƙo mini jakar ta ce in fita.

Wata rana ina bayan tankin ina gyara mayafin, sai ga tela ya hawo kawo wa Umma ɗinki. Muka yi ido huɗu. Ya miƙa mini ledar, ya sauka. Amma tun daga ranar duk na zo wucewa ta gaban shagonsa sai ya ɗaga tef ɗin awo ya tambaye ni wai doguwar riga nake so ko riga da siket, kuma wai yana da yadi mai shiga da gemu. Saura kaɗan in jefa masa dutsen gugarsa. Na daure ne kawai saboda 'yar'uwar matarsa muke jira.

Ranar da matar za ta fara, Tsigi ta riga kowa tashi. Da kanta ta ce a sa mata rigar nan rawaya da kika saya mata kafin ki tafi. Ta shiga ƙarƙashin gado ta jawo silifas ɗinki, ta jera su a bakin ƙofa. Na ga duk wannan, na ce a raina littafin nan ya yi aiki, ga yarinya tana murnar baƙuwa. Ko shayina ban gama ba ta ɗauko jakata tana ja a ƙasa, tana tura ni waje. Na haɗu da matar a kan matakala, ta yafa mayafi har goshi saboda kunyarta, na ce ta ƙwanƙwasa ta shiga. Na tsaya ina saurare ina jin kaina kamar wani babban malami. Sai na ji ƙara, irin wadda ban taɓa jin Tsigi ta yi ba ko ranar allura.

Na koma da gudu. Abin da Umma ta ce ya faru shi ne, matar tana zama Tsigi ta haye kujera, ta fizge mayafin, ta fizge ɗankwalin, ta kama fuskar matar da hannu biyu tana shafawa, ta ja haɓarta, ta leƙa bayan kunnuwanta. Daga nan ta saki ƙara ta shige ƙarƙashin gado. Na tarar da baiwar Allah tana laluben abin da za ta rufe kanta da shi a gabana, ni ma na rasa inda zan sa idona. Ranar ban je aiki ba.

Daga nan kaina ya kulle. Ni na ce gemun take nema, ta saba da Anti mai gemu an kawo mata marar gemu. Umma ta ce a'a, ƙyuya ce irin ta yara, za ta wuce. Tela ya aiko da shawara wai a manna wa matar audugar katifa a haɓa. Washegari aka sake, abu ɗaya: murna da safe, silifas a bakin ƙofa, a tura ni waje, a tuɓe wa matar kai, a shige ƙarƙashin gado. To in tsoron matar take ji, me ya sa take murnar zuwanta? In kuma tana son ta, kukan na mene ne? Na sake karanta littafin daga farko har ƙarshe, babu inda aka yi maganar yarinya mai cire wa mutane ɗankwali. Na tambayi Tsigi da lallashi, ta juya mini baya. Na tambaye ta da tsawa, Allah ya yafe mini, ta ƙara shigewa lungu. Ita kuma matar ta same ni a kan matakala, tana kallon ƙasa, ta ce ta raini masu cizo da masu amai, duk tana iya ɗauka, amma a riƙa tuɓe ta kowace safiya, wannan ya yi mata nauyi. Ta ce za ta ƙara gwadawa saboda Umma, in bai yiwu ba mu yi haƙuri. Kafin yamma labari ya kai ga Goggo, kin san ta bakin wa. Ta kira ta ce tana nan zuwa da jaka.

Ranar da yamma ina wanke wa Tsigi hannu a banɗaki, raina a jagule, sai na ce mata shin ta ma san Anti Mai Gemu ni ne? Na ɗauka zan ba ta mamaki. Ta dube ni kamar yadda ake duban wanda bai da wayo, ta ce ai ta sani, hannun Anti baƙi ne irin na Kawu. Tawadar wurin aiki take nufi, wadda ba ta fita daga farcena. Na ce to in ta sani, me take nema a fuskar matar mutane? Sai ta yi mini bayani a hankali, tana wasa da kumfar sabulu. Wai Kawu ya ɗauki jaka ya fita, ya dawo a cikin mayafi. Mama ma ta ɗauki jaka ta fita. To an ce Anti ta gaske za ta zo.

Yaya, ke take nema. Duk safiyar nan da take tashi da wuri tana jera silifas, ke take jira. Tana cire mayafin ba ta gan ki ba, sai ta cire ɗankwalin, sai ta leƙa bayan kunne ko akwai wata fuskar a ƙarƙashi. Kuma ni na koya mata. Ni na zauna na tsara, na maimaita mata kullum har ya zauna a kanta, cewa duk wanda ya shigo a lulluɓe naka ne da ya fita. Na zauna a ƙasan banɗakin, ruwa ya jiƙa mini wando.

A nan inda nake zaune na faɗa mata gaskiya iyakar yadda na iya. Na ce matar nan ita kaɗai ce a cikin mayafinta, babu kowa a ƙarƙashi. Na ce Mama tana wuri mai nisa tana karatu, kuma ranar da za ta zo da fuskarta za ta shigo, ba sai an neme ta ba. Ta ce yaushe. Nan na sake rikicewa. In na ce bayan watanni kaza ba ta san wata ba, in na ce ban sani ba ƙarya ce kuma za ta karya mata zuciya. Idona ya faɗa kan sakatar ƙofar falo, wadda ke sama da mariƙin, sai bakina ya riga hankalina, na ce sai ranar da hannunta ya kai sakatar nan. Ta fita da kumfa a hannu, ta je ta yi ɗage, ta miƙa. Saura kamar tsawon tafin hannuna. Ta dawo ta ce in ba ta abinci.

Da safe na tari matar a ƙasan bene na faɗa mata komai. Da ta ƙwanƙwasa ta shigo, ni na juya na fuskanci bango, ita kuma da kanta ta sauke mayafin ta ninke, ta zauna a kan tabarma daidai tsawon Tsigi. Umma ta ce yarinyar ta zo ta tsaya a gabanta, ta shafa kumatunta sau ɗaya, ta ɗauke hannu. Ba ta yi ƙara ba. Ta je ta kwashe silifas ɗinki ta mayar ƙarƙashin gado. Wannan ya fi ƙarar yi mini ciwo, ban san dalili ba.

Ban kai ga fita ba sai ga Goggo da jakar da ta yi alkawari, babba, fanko. Ta ce a haɗa kayan yarinya. Na riga na jera maganganu a bakina tun daga kan 'ya'yanta har kan mijinta, Umma ta sa sandarta ta danne mini yatsan ƙafa. Goggo ta sunkuya ta ce wa Tsigi ta zo su tafi gidan da akwai yara da lilo. Tsigi ta ce ba za ta iya zuwa ba, tana da aiki. Ta ja Goggo da zane har bakin ƙofa, ta yi ɗage ta nuna mata inda hannunta ya kai da inda ya rage, ta ce in ta tafi wa zai taɓa wa Mama sakata? Goggo ta dube ni tana neman bayani. Na buɗe baki, Umma ta ƙara danna sandar, ita ta yi bayanin, har da mayafin da tankin, ba ta rage mini komai ba.

Goggo ta daɗe a tsaye. Sannan ta zauna, ta karɓi shayin da matar ta zuba mata, ta sha. Da za ta tafi ta ɗauki jakarta yadda ta zo da ita. Ta ce ta bar yarinyar, ba don hankalina ba, don ba ta ga alamarsa ba. Ta ce za ta riƙa leƙowa, kuma in zan ci gaba da sana'ar in sayi mayafina in bar na tsohuwa. Ban rama ba. Ki rubuta wannan a inda kike ajiye abubuwan mamaki.

Yanzu dai na koma aiki, Tsigi tana wuni da Anti. Ba zan ce miki ta so ta ba. Bayanta take juya mata in suna zaune, amma tana jingina da ƙafarta, kuma tana cin abinci a hannunta, da yawa ma, saboda maganar tsawo. Abin da har yanzu ban gane ba, jiya ta tambaye ni ina Anti Mai Gemu ta tafi, wai in na gan ta in gaishe ta. Ita da ta ce ta san ni ne. Na ce to, za ta ji. Ban sani ba ko ni nake rainon yarinyar nan ko ita ke lallaɓa ni.

Ga roƙona, kuma kada ki ɗauke shi wasa. Ranar da za ki dawo kada ki ce za ki yi mana ba-zata, kuma kada ki shigo a lulluɓe. Sannan ki sanar da ni tun da sauran lokaci. Kowace safiya sai ta gwada hannunta a ƙofar nan kafin ta wanke ido, ni kuma sai gabana ya faɗi, don ban san wanda zai riga wani ba, tsawonta ko karatunki. Na duba sakatar, ƙusoshi huɗu ne masu juyi, na ma aro sukundireba a wurin aiki na ɓoye a saman kabad. In ta kusa kaiwa ba ki gama ba, zan ɗaga ta sama kaɗan, Allah ya yafe mini. In kuma kin kama hanya ba ta kai ba, zan sauko mata da ita. Ban sani ba ko wannan ma wata ƙaryar ce nake shirin ɗorawa a kan ta farko. Ke ce uwarta, ki faɗa mini. Amma ina so ranar da za ki ƙwanƙwasa, ita za ta buɗe miki.

Umma tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci ki bar shan shayi kaɗai. Ki gaishe mini da Baffa da ya ba ki masauki, da mai ɗakinsa, da Autansu mai ƙaton kai, ki ce har yanzu ina jiran littafin da ya yi mini alkawari. Ki gaishe da abokiyar karatunki da ke amsa wayarki in kina aji. Anti ma ta ce a gaishe ki, duk da ba ku san juna ba. Tela bai ce a gaishe ki ba, ko ya ce ma ba zan isar ba. Baƙin zanen da ke ƙasan takardar nan yatsan Tsigi ne, ta tsoma a tawada ta ce a aika miki ki ga ya ƙara tsawo.

Allah ya tsare ki, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanenki,
wanda kike kira Barkono